Kwamfutar Tafi-da-Gidanka ta Ɗalibi a Legas

Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda wasu ke kira kwamfutar cinya, na'ura ce da aka haɗa mata allo da madannai da batir a jiki ɗaya, ana naɗe ta a saka a jaka. Ga ɗalibin jami'a ko na kwalejin fasaha ta zama kayan karatu na tilas, domin da ita ake rajistar kwasa-kwasai, da rubuta aikin gida, da haɗa kundin kammala digiri. A Legas kuwa, zaɓenta ya rataya ne a kan abubuwa uku waɗanda tallar kamfanoni ba ta cika fifita su ba: nauyinta, juriyar batirinta, da sauƙin gyaranta idan ta sami matsala. Saurin aiki yana biye da waɗannan ne, sai fa ga masu karanta wasu fannoni kaɗan.

Nauyi da hanya

Ɗalibin da ke zaune a Agege ko Mile 12 yana karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko a Kwalejin Fasaha ta Yaba, ko a Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, yakan shafe sa'o'i a hanya kowace rana, yana sauka daga danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ya hau doguwar bas ta BRT, ya ƙarasa a Keke Napep. A cikin danfo jaka kan cinya take zama, gwiwa na tokare da ƙarfen kujerar gaba, kuma duk ramin da direba ya faɗa sai kwamfutar ta ji a jikinta. Shi ya sa bambancin rabin kilo, wanda ba a jin sa a cikin shago, yakan zama babban al'amari bayan zangon karatu guda.

Kwamfutocin da ake kira marasa nauyi suna tsakanin kilo 1.1 zuwa 1.5, kuma allonsu inci 13 ne ko 14. Masu inci 15.6 sukan kusanci kilo 2 ko su haura, waɗanda aka ƙera domin wasanni kuma sun fi haka, ga cajarsu kanta kaya ce. Inci 14 shi ne tsaka-tsakin da ya fi dacewa da yawancin ɗalibai, domin yana shiga kowace jakar goyo, kuma ido ba ya wahala wajen karanta dogon rubutu.

Ƙarko

Kamfanoni suna ƙera kwamfutoci aji biyu, na gida da na ofis. Na ofis, irin su Lenovo ThinkPad, da Dell Latitude, da HP EliteBook, ana yin su ne domin ma'aikatan da za su ɗauke su kullum na tsawon shekaru, don haka jikinsu yakan ƙunshi alminiyom ko magniziyom ko zaren kabon a maimakon roba zalla. IBM ne ya fara fitar da ThinkPad a 1992, kafin Lenovo ya sayi sashen kwamfutocinsa a 2005. Da yawa daga cikin wannan aji ana gwada su bisa ma'aunin sojan Amurka mai suna MIL-STD-810, wanda ya ƙunshi gwajin zafi da laima da ƙura da jijjiga. Wannan ba ya nufin ba sa fashewa, amma alama ce ta cewa an yi tunanin wahalar hanya tun a wajen ƙira.

Ɗaya daga cikin wuraren da kwamfuta mai arha ke saurin gazawa shi ne hinjin da ke riƙe da murfi. Idan an ɗaure shi a jikin roba, buɗewa da rufewa na yau da kullum yakan ɓalle mazaunin kusoshin, murfin ya fara ɗagewa ta gefe ɗaya, a ƙarshe ya ja wayar allo. Laimar Legas ma tana da nata rabon, musamman a watannin Yuni da Yuli da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, don haka rigar kwamfuta mai hana ruwa shiga ba ƙawa ba ce.

Batir da wuta

Nan ne maganar ta fi nauyi. Wutar lantarki a ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen haya ba ta da tabbas, kuma soket a ajin lacca ya yi wa ɗalibai kaɗan, sai wanda ya riga zuwa. Ana auna girman batir da wat-awa, wato Wh, kuma kwamfutoci marasa nauyi sukan zo da 45 zuwa 60. Sai dai tsawon lokacin da batir zai ɗauka ya danganta da irin furosesar da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfutar. MacBook Air mai furosesar M1, wadda Apple ya fitar a Nuwamban 2020, ta yi suna a nan, domin ba ta da fanka, nauyinta kusan kilo 1.3 ne, kuma takan kai ɗalibi daga safiya zuwa yamma a caji ɗaya idan batirin na da lafiya. Aibinta shi ne ba a ƙara mata RAM, wato wurin riƙe bayanan aikin da ake kan yi, ko ma'adana bayan saye, kuma kayan gyaranta sun fi tsada.

Abin da ya kamata a nace a kansa shi ne caji ta USB-C. Kwamfutar da ke karɓar wuta ta wannan kafa tana aiki da ƙaramar caja mai wat 65 wadda za ta caja waya ma, kuma ana iya ciyar da ita daga babban fawa-banki idan an ɗauke wuta da daddare ana tsakar karatun jarrabawa. Wutar janareta da ke hawa da sauka kuwa ita ce ajalin caja, don haka ya fi kyau a sa na'urar kariya a tsakani.

Abin da ke ciki

RAM mai gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 kuma ya fi kwanciyar hankali. Ma'adana ta zama SSD, wato irin wadda ba ta da faifai, mai gigabait 256 ko 512, domin tsohuwar ma'adana ta hard disk mai faifai da ke juyawa ba ta da sauri, kuma ba ta jure bugu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, ko takwararta ta AMD. Saboda haka Core i7 zubi na 6, duk da girman sunanta a bakin mai sayarwa, ba ta kai Core i5 zubi na 8 amfani ba. Masu karanta injiniyanci da zanen gine-gine su tambayi sashensu tukuna, domin manhajar zane irin SolidWorks a kan Windows take aiki, kuma tana son katin hoto na musamman. Mai rubuta kundinsa da Hausa kuma zai sami tsarin madannan Hausa a cikin Windows, mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, ba sai ya sayi komai ba.

Saye a kasuwa

Babbar kasuwar kwamfuta a Legas ita ce Computer Village da ke Ikeja, a kewayen titin Otigba, sai kuma kasuwar Alaba da ke Ojo. Ɗalibai da yawa ta hannu suke saya, wadda ake kira tokumbo, kuma galibi kwamfutocin ofis ne da kamfanonin Turai da Amurka suka sauya. Tokumbo mai lafiya daga ajin ofis takan fi sabuwa mai arha daɗewa, ga kayan gyaranta birjik a kasuwar, tun daga batir har madannai.

Tun daga bakin kasuwa dillalai ke tare mai saye, kowa na jan sa zuwa wani shago, alhali abin da ya fi aminci shi ne shago mai mazauni da ke ba da rasit da garanti a rubuce, ɗauke da lambar jikin kwamfutar. Kafin a biya kuɗi, a buɗe murfin a rufe sau da yawa da hannu ɗaya a ji ko yana ƙara, a danna kowane maɓalli, a buɗe farin shafi a duba tabo a allo, sannan a zare caja a bar ta tana aiki na ɗan lokaci. A kwamfuta mai Windows, umarnin powercfg /batteryreport yana nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage masa. Idan faifan da ake shafawa da yatsa ya ɗan tasa sama, ko gindin kwamfutar ya ƙi zama daram a kan tebur, mai yiwuwa batirin ne ya kumbura, kuma irin wannan yana iya kama wuta. A tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin farko da ke tayar da kwamfuta, a MacBook kuma a tabbatar an cire asusun iCloud na mai ita na farko kuma ba ta ɗaure da rajistar wani kamfani, domin kwamfutar da ke kulle ta wannan hanya takan ƙi buɗewa da zarar an goge ta an haɗa ta da intanet.