Allurar zafin mota ta ƙi tashi: tambayoyi da amsoshi kan tamostat

Idan hunturu ya sauka a Zariya, musamman a Disamba da Janairu, direbobi da yawa sukan lura cewa allurar zafi tana kwance kusa da harafin C, ko da mutum ya taso daga Samaru ya wuce Kwangila har ya kai Ƙofar Doka. Wasu ma murna suke yi, su ce motarsu ba ta san zafi ba. Wannan murnar tana damuna, domin sanyin da ya wuce kima cuta ce mai cin injin a ɓoye, kuma galibi tushenta tamostat ne.

Injin da ba ya zafi ba shi ne lafiyayye ba?

A'a. An ƙera injin mota ne ya yi aiki ruwansa yana tsakanin digiri 85 zuwa 100 ko sama kaɗan. Sai a wannan zafin fistin da ringi suke buɗewa su zauna daidai cikin silinda, baƙin mai kuma ya tsinke ya ratsa ko'ina.

Motocin da ke da kwamfuta suna ƙara wa injin fetur muddin yana da sanyi, kamar yadda mai babur yake jan cok da asuba. Da zarar ya yi ɗumi sai kwamfutar ta rage. To idan bai taɓa kai zafinsa ba, kwamfutar za ta yi ta zuba fetur fiye da buƙata. Daga nan shan mai ya ƙaru, filogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa warin ɗanyen fetur. Abin da ya fi muni shi ne wanda ido ba ya gani: ragowar fetur yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya gauraya da baƙin mai, raɓar da ke taruwa a ciki kuma ba ta samun zafin da zai ƙone ta. A hankali man ya koma dagwalo, ringi ya cinye tun lokacinsa bai yi ba.

Mene ne aikin tamostat ɗin?

Ƙofa ce 'yar ƙarama tsakanin injin da lagireto. A cikinta akwai kaki da sifirin. Injin na da sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa yana zagayawa cikin injin kawai don ya yi saurin ɗumi. Idan ya kai zafin da aka ƙayyade, wanda a yawancin motoci yake tsakanin digiri 82 da 92, kakin ya narke ya kumbura, ya ture ƙofar, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Lambar wannan zafin tana buge a jikin tamostat ɗin. Za ka same shi inda ɗaya daga cikin manyan tiyo biyu na lagireto ya haɗu da injin: a wasu motocin na sama, a motocin Toyota da Honda da yawa na ƙasa.

Yana lalacewa iri biyu. In ya maƙale a rufe, mota ta yi obahitin nan take, kowa ya sani. In ya maƙale a buɗe, babu hayaƙi babu ƙara, sai a yi shekara ba a gane ba.

Ta yaya zan gane nawa a buɗe ya maƙale, ko ma babu shi?

Fara da lura da allurar a kan hanya. Idan tana ɗan tashi a cunkoson PZ ko kasuwar Sabon Gari, amma da ka hau titin Kaduna ko na Kano ka taka mota sai ta faɗi ƙasa, wannan babbar alama ce. Iskar gudu ce take sanyaya ruwan fiye da kima saboda babu abin da ya tare shi. Lafiyayyar mota allurarta takan hau wajen tsakiya cikin 'yan mintuna ta tsaya cak, ko a cunkoso ko a gudu. Haka nan in ka kunna hita da sanyin safiya ka ji iska salam-salam, ka ƙara zargi.

Gwaji na biyu da safe ake yin sa, kafin a motsa motar. Tayar da ita, ka ɗora hannu a kan tiyon sama na lagireto, ka nisanci fanka da bel. Idan tamostat yana aiki, tiyon zai daɗe da sanyi, sannan ya ɗauki zafi kusan lokaci guda. Idan kuwa tun farko ya fara ɗumi a hankali tare da injin, ruwa yana wucewa ba shamaki.

Wanda ya kai motarsa wurin masu na'urar bincike, a motoci da yawa zai ga lambar P0128, ma'anarta ruwan bai kai zafin da ya kamata ba. In an riga an ciro tamostat ɗin, duba shi: wanda yake a buɗe alhali yana da sanyi ya mutu. Wanda yake a rufe kuma a saka shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya koma ya rufe in ya huce.

Makanikena ya ce na ƙasashen sanyi ne, a cire a yar. Ba shi da gaskiya?

Wannan magana ta yaɗu a garejojinmu, har ta kai wasu suna cire shi ranar da motar Beljiyam ta iso, kafin ma ta yi laifin komai. Ban yarda da ita ba. Motocin da kamfanoni suke sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma zafin can ba ya kasa na Zariya a watan Afrilu. Ko a ranar da garin ya kai digiri 40, ai da sauran tafiya mai nisa kafin 85.

Na fahimci abin da ke sa kanikawanmu yin haka, tsoron ƙonewar gasket ne, kuma tsoro ne na gaskiya. Amma motar da take obahitin tana da dalilinta: lagireto da ƙura da tsatsa suka toshe, fankar da ba ta tashi, famfon ruwa da ya cinye, murfin da ba ya riƙe iska, ko yoyo. Cire tamostat yana rufe alamar ne, ciwon yana nan. A wasu injinan ma tamostat ɗin ne yake toshe wata gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe. In babu shi, wani ɓangaren ruwan zai riƙa zagayawa ta can bai je lagireto ba, sai motar ta yi zafin da ake gudu.

Haɗa fanka dairek fa?

Ɗanjuma ne da ɗanjummai. Fankar da take juyawa tun daga murɗa makulli tana hana injin ɗumi, tana wahalar da batir, ita kanta tana saurin mutuwa. A gyara sansa ko rilen da ya lalace, a mayar da ita yadda take.

Ba zai yiwu allurar ce take ƙarya ba?

Yana yiwuwa. Sansar zafi ko wayarta kan lalace. Idan bayan doguwar tafiya tiyon sama ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, hita ma tana ba da zafi sosai, amma allura tana ƙasa, sai a bincika sansar tukuna. Na'urar bincike tana nuna zafin da kwamfutar take gani, a gwada shi da na allurar.

In zan sa sabo, me zan kula da shi?

Sayi mai lamba ɗaya da wanda kamfanin motar ya sa, tare da sabuwar robarsa. Gefen sifirin yana fuskantar injin. In yana da ɗan ƙaramin rami mai tsinke a bakinsa, ramin ya kalli sama don iska ta samu mafita. Kada a buɗe murfin lagireto sai injin ya huce sarai, ruwan ciki yana iya wuce digiri 100 ya yi tsartuwa a fuska. A zuba ruwan lagireto na gaske maimakon na rijiya ko na burtsatse, wanda yake barin tsatsa da gishiri su maƙale sabon tamostat ɗin. Bayan an haɗa, a bar motar tana aiki da hita a kunne har fanka ta tashi da kanta, sannan washegari da safe a sake duba ruwan a cika abin da ya ragu. Idan motar ta daɗe tana yawo babu tamostat, a juye baƙin mai da filta a wannan ranar.