Ikon Ƙungiyar Masu Gidaje (HOA) a Kan Fakin da Tara a Amurka

Ƙungiyar masu gidaje, wadda a Amurka ake ce wa HOA, ƙungiya ce da ke tafiyar da harkokin unguwa ko rukunin gidaje, kusan irin yadda ake yi a wasu estet-estet na Abuja, sai dai ita can doka ta ba ta haƙora. Mutum sama da miliyan 70 ne ke zaune a ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi. Kuma ba wai kana so ko ba ka so ba ne, da zarar ka sayi gida a unguwar ka zama memba, domin sharuɗɗan suna cikin takardun da aka yi wa rajista tare da filin, duk wanda ya gaji gidan ko ya saya ya gaji sharuɗɗan.

Fakin na cikin abin da ya fi jawo rigima. Wata unguwar ba a yarda ka bar mota a bakin titi ta kwana ba, wata an hana a-kori-kura ko motar aiki mai ɗauke da tambarin kamfani, wata ma cewa ake dole mota ta shiga gareji, wurin baƙi kuma na baƙi ne kawai ko da kai ne mai gidan.

To amma ikon ya danganta ne da waye mai titin. In titin na unguwa ne, ƙungiyar ce ke gyara shi da kuɗin membobi, to maganarta ce ke aiki, har tana iya kiran janwe a ja motarka. A jihar Kalifoniya sai an kafa allon gargaɗi a duk ƙofofin shiga, mai girman aƙalla inci 17 da 22, ko kuma an manna wa motar notis an jira awa 96 kafin a ja ta. In kuwa titin na gwamnati ne, nan fa ake kai ruwa rana, saboda kowace jiha da nata tsarin. A Arizona unguwannin da aka yi wa rajista bayan 31 ga Disamba 2014 ba su da ta cewa kan titin gwamnati, tsofaffin kuma dokar 2023 ta ce su yi ƙuri'a kan ci gaba da riƙe wannan iko zuwa 30 ga Yuni 2025, wadda ba ta yi ba ikon ya koma hannun hukuma.

Maganar tara ita ma ba a yanke ta haka kawai. A Florida sai an ba mutum notis na kwana 14, sannan a saurare shi a gaban kwamitin aƙalla mutum uku waɗanda ba shugabannin ƙungiyar ba ne kuma ba 'yan uwansu ba, in kwamitin bai amince ba shi ke nan tarar ta faɗi. Iyakarta dala 100 kan kowane laifi, jimilla kada ta wuce dala 1,000 sai in takardun unguwar sun ce akasin haka, wanda gaskiya wannan ƙofa ce babba da aka bari a buɗe. Tun 1 ga Yuli 2024 kuma jihar ta hana HOA tsangwamar wanda ya ajiye a-kori-kurarsa a harabar gidansa. Kalifoniya ma a 2025 ta ƙayyade yawancin tara a dala 100.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne a sa gida a gwanjo. A Texas da Kalifoniya ba a iya sayar da gidan mutum don bashin tara kaɗai, amma kuɗin wata-wata da memba ke biya daban ne, shi in ya taru gidan na iya tafiya.