Wai mene ne dokumentari, kuma me ya raba shi da fim mai kama da gaske?

Kalmar dokumentari ta zauna a bakin mutane sosai yanzu, musamman da YouTube ya cika da irin waɗannan shirye-shiryen, sai ka ji ana musu wani ya ce "ai wannan ba fim ba ne, dokumentari ne", wato yana nufin duk abin da ke ciki haka ya faru ba ragi ba ƙari. To akwai ƙamshin gaskiya a maganar amma ba ta cika ba, kuma wannan ɗan giɓin da ya rage shi ne ya dame ni har na ga gara a zauna a warware kalmar.

Asalinta daga kalmar da ke nufin takardar shaida ne, abin da za ka riƙe a hannu ka ce ga hujjata. Wanda aka fi danganta yaɗuwarta da shi a harkar fim shi ne John Grierson, ɗan Sikotlan, a wani sharhi da ya rubuta a 1926. A taƙaice dokumentari fim ne da mutanen cikinsa na gaske ne, wurin na gaske, abin da ya same su ma na gaske, ba jarumi aka ɗauko aka ba shi rubutaccen labari ya haddace ba. Sai dai shi kansa Grierson ɗin bai ce kyamara kawai ake kafawa a koma gefe ba, cewa ya yi sarrafa abin da ya faru ne da fasaha. Kuma ai haka ne, wani ne ya zaɓi inda kyamarar za ta kalla, wani ne ya ɗauko awa ɗari ya tace ya bar awa ɗaya, wani ne ya sa kiɗan da ke sa ƙirjinka ya yi nauyi daidai lokacin da matar ta fara share hawaye.

Tun daga tushe ma haka abin yake. Fim ɗin Nanook of the North na Robert Flaherty da ya fito a 1922, wanda ake ƙirgawa cikin na farko-farko, ya nuna wani mafarauci ɗan ƙabilar Inuwit da iyalinsa suna fama da yunwa da ƙanƙara a arewacin Kanada. Mutumin sunansa na gaskiya Allakariallak, kuma a lokacin da bindiga yake farauta amma aka sa shi ya riƙe mashi irin na kakanninsa, ɗakin ƙanƙarar da aka ɗauki cikinsa ma buɗe gefe guda aka yi don haske ya shiga, matar da aka nuna a matsayin matarsa ba ita ba ce. Wahalar rayuwar wurin gaskiya ce, amma an gyara mata zama don ta dace da abin da mai kallo a Amurka yake son gani.

Shi kuwa fim mai kama da gaske wani abu ne daban, ko da yake 'yan uwan juna ne. Shi labarin ƙirƙirarre ne, akwai darakta akwai rubutu, amma an ƙi kwalliya. Ba a gina lokeshan, titi ake fita, sau da yawa ma ba jarumai ake ɗauka ba sai mutanen da rayuwarsu ke nan. Inda wannan salon ya yi ƙarfi shi ne Italiya bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasa ta rushe, babu kuɗi, babban situdiyon Cinecittà na birnin Rum ma an mai da shi sansanin 'yan gudun hijira, to sai masu fim suka fito waje da kyamarorinsu dole.

A nan ne Vittorio De Sica ya yi fim ɗin da sunansa ke nufin ɓarayin keke, a 1948, kuma ni a ganina wanda ya kalle shi ya gama fahimtar yadda irin wannan fim ke nuna zalunci. Magidanci ne ya daɗe ba aikin yi, ya samu aikin manna fasta a bango amma sharaɗin sai yana da keke, keken nasa kuma yana jingina. Matarsa ta cire zannuwan gadonsu ta kai jingina aka fanso keken. Akwai wata fitowa a wurin da ba na mantawa, ma'aikacin ya karɓi ƙunshin zannuwan ya dinga hawa kanta bayan kanta har kusa da rufi, ko'ina ƙunshin zannuwan wasu ne jibge. Ba wanda ya buɗe baki ya ce ana talauci a garin nan, gani ya kori ji. Ranar farko ta aiki aka sace keken, ya kai ƙara wurin 'yan sanda suka rubuta suka ce ya je ya nema da kansa, sauran fim ɗin shi da ɗansa ƙarami ne suna zaga gari a ƙasa. Daga ƙarshe da abin ya kai shi maƙura ya kai hannu kan keken wani, aka kama shi ana mari ana zagi a gaban yaron, mai keken ya dubi yaron ya ce a ƙyale shi. Suka shige cikin taron jama'a uban yana kuka, yaron ya kama hannunsa.

Ka lura babu mugu ɗaya a labarin da za a kama a ƙarshe kowa ya huta. Ɓarawon ma da aka gano unguwarsu talaka ne tilis. A fim ɗin da muka saba, zalunci yana da fuska, ga azzalumi ga wanda aka zalunta, a yi ta gwabzawa har gaskiya ta yi halinta. Amma a rayuwa yawancin zaluncin layi ne da ba ya motsi, takarda ce da aka ce ka dawo gobe, albashi ne da ba ya kai ƙarshen wata, kuma ba a ofis ɗin yake tsayawa ba, gida yake biyo mutum. Shi ya sa za ka ga masu irin wannan fim kullum suna komawa kan iyali, don a nan ne ake ganin nauyin abin, yadda uba yake kasa haɗa ido da ɗansa, yadda uwa take cewa ta ƙoshi alhali ba ta ci ba. Alƙaluman marasa aikin yi ba sa hana kowa barci, amma hannun yaron nan yana hanawa.

A ɓangaren dokumentari kuwa, wajen 1960 aka samu ƙananan kyamarori da ake saɓawa a kafaɗa da na'urar ɗaukar murya mara nauyi, sai ya zama ana iya bin mutum har cikin ɗakinsa a ji maganarsa da bakinsa maimakon wani mai sharhi ya dinga fassara shi daga sama. Kafin nan ma kaɗan, a 1958, Jean Rouch Bafaranshe ya bi wasu samari 'yan Nijar da suka je ci-rani unguwar Treichville a Abidjan, ya ɗauki hotunan sannan ya bar Oumarou Ganda, wanda dako yake yi a tashar jiragen ruwa, ya ɗora muryarsa a kai yana faɗin abin da ke ransa. Ganda daga baya shi ma ya zama darakta. Wannan ya fi kwanta min a rai, a bar mai ciwo ya faɗi inda ke masa ciwo.

Kuma dokumentari yana yin tasiri wani lokaci. Fim ɗin The Thin Blue Line na Errol Morris a 1988 ya bi shari'ar Randall Adams da aka ɗaure kan kisan ɗan sanda a birnin Dallas na Amurka, ya nuna yadda maganganun shaidu suke karo da juna, a 1989 aka sake shi bayan ya shafe kusan shekara 12 a gidan yari. Abin lura, fim ɗin cike yake da fitowar da aka shirya da 'yan wasa don kwaikwayon daren kisan, amma bai yaudari kowa ba tunda mai kallo ya san kwaikwayo ne. To a nan iyakar take a wurina. Shiryawa ba ita ce matsala ba, ɓoye cewa an shirya ita ce. Idan ka kira abu dokumentari alkawari ka ɗauka cewa abin da ka ce ya faru ya faru.

Akwai kuma amana ta biyu da ba a cika magana a kanta ba, ta mutanen da aka ɗauka. Talaka ya buɗe maka ƙofa ka shiga ka ɗauki tukunyarsa da kukan 'ya'yansa, shin ya san inda hoton zai kai, ya san zai zauna a intanet har yaran su girma su gani? Mai fim zai tafi bikin karɓar kyauta, shi kuma yana nan inda aka same shi. Mutumin da ya fito a matsayin uban nan mai keke, Lamberto Maggiorani, ba jarumi ba ne, ma'aikacin masana'anta ne De Sica ya ɗauko saboda fuskarsa da yadda yake tafiya. Duniya ta yaba fim ɗin, shi kuma ya koma bakin aikinsa, ba a daɗe ba da aka tashi rage ma'aikata aka sa shi cikin waɗanda aka sallama, don ana ganin ai shi ya yi fim ya samu kuɗi.