Tsarkake ruwan sha da haske a daji

'Yan'uwanmu da ke fita daga Agege da Mile 12 zuwa dazukan Epe da Badagry, ko don saran itace ko don kiwo, sukan kwana inda babu famfo, sai rafi da kududdufi. Irin wannan ruwa yana iya ɗaukar ƙwayoyin kwalara da taifot, kuma wanda ya ga ɓarkewar amai da gudawa a Legas a watan Yunin 2024 ya san illar hakan.

Akwai wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa UV, wanda yake lalata ƙwayoyin cuta har su kasa hayayyafa. Ana sayar da 'yar fitilarsa mai batir, irin su SteriPEN, wadda ake tsomawa a ruwa ana juyawa, lita ɗaya ta kammala cikin daƙiƙa 90. Tana maganin har ƙwayar Cryptosporidium mai sa gudawa, wadda ta gagari sinadarin kulorin da ake tsarkake ruwa da shi. Wanda ba shi da fitilar kuwa, hasken rana yana ɗauke da wani nau'insa mai rauni: a cika gorar roba fara garau wadda ba ta wuce lita 2 ba, a ɓare takardar jikinta, a kwantar da ita a kan kwanon rufi na awa 6. Idan gajimare ya rufe sama, sai ta yi kwana 2 cur, kuma a damunar Legas, musamman Yuni da Yuli, ni shawarata a tafasa kawai.

Sharaɗin da aka fi yi wa sakaci shi ne, hasken yana aiki ne kawai inda ya kai. Idan ruwa ya gurɓace, ƙwayoyin cuta sukan fake a bayan laka su tsira, don haka wajibi ne a bar shi ya kwanta, a saka alif idan akwai, sannan a tace da ƙyalle mai tsabta da aka ninka. Gwajin mai sauƙi ne: a tsayar da cikakkiyar gorar a kan babban rubutun jarida, a leƙa ta bakinta. In ba a iya karantawa ba, a sake tacewa.

Haske ba ya cire gishiri, ba ya cire fetur ko dagwalon masana'antu, saboda haka ruwan zartsi na gaɓar teku ba abin sha ba ne ko an haska shi. Haka kuma ba ya barin kariya a cikin ruwan bayan an gama, don haka a goge bakin gorar, a rufe ta, kada a juye ruwan a jarkar da aka ɗebo shi da ita.