Zina da tozarci a al'ummar Puritan cikin ƙagaggun labarai

Puritan wani reshe ne na Kiristocin Furotesta na Ingila masu tsananta wa kansu wajen bin Littafi Mai Tsarki. Wani ayarinsu ya haye teku ya kafa garin Boston a 1630, ƙarƙashin gwamna John Winthrop. Marubutan Amurka na baya sun sha komawa wannan zamani idan za su yi labari a kan soyayyar da ta saɓa wa aure da kunyar da ke biyo bayanta, sai dai hoton da suka zana bai yi daidai da dokar lokacin a ko'ina ba.

Doka da hukunci

Tun 1631 hukumar Massachusetts, yankin da Boston take, ta yanke kisa a kan zina, kuma kundin dokokin 1641 ya tabbatar da haka, yana kafa hujja da Littafin Firistoci 20:10. Matsayin matar ne ke fayyace laifin: sai in matar aure ce, ko wadda aka yi wa baiko, ake kiransa zina. Magidancin da ya nemi budurwa ƙaramin laifi ya yi, na tara ko bulala.

Kisan bai cika aukuwa ba. Ana bukatar shaidu biyu, abin da da wuya a samu, don haka alƙalai kan koma ga bulala, ko sa mutum a turu a bakin kasuwa, ko tsayar da shi a gindin katakon rataya da igiya a wuya. Wanda tarihi ya fi riƙewa shi ne rataye Mary Latham da James Britton a Boston a 1644, wanda Winthrop ya rubuta a littafin ajiyarsa. Coci kuma tana da nata horon: mai laifi ya miƙe gaban jama'a ya amsa laifinsa, in ya ƙi a yanke shi daga zumunta.

Ɗinka wa mazinaci harafi a jikin tufa ya shiga doka a Plymouth, yankin da ke maƙwabtaka da Massachusetts, inda dokar 1658 ta ce a sa haruffan AD, wato farkon kalmar Turanci adultery, zina. Dokar Massachusetts ta 1694 ta fi zayyanawa: awa ɗaya a kan dandamalin rataya da igiya a wuya, bulala da ba ta wuce 40 ba, sannan harafin A mai tsawon inci 2, da ƙyalle mai launi dabam da na rigar, a ɗinke a hannun riga ko a baya, har ƙarshen rayuwa.

Labarin Hawthorne

Littafin da ya kafa wannan jigo shi ne The Scarlet Letter, wato jan harafi, na Nathaniel Hawthorne (1804–1864), wanda ya fito a Boston a 1850. Hawthorne ɗan garin Salem ne a Massachusetts, jikan jikan John Hathorne, ɗaya daga alƙalan shari'ar mayu ta 1692, kuma bai ɓoye cewa wannan gado na damunsa ba.

Labarin ya faru tsakanin wajen 1642 da 1649. Hester Prynne ta haihu alhali mijinta ya shekara biyu ba labari. Aka tsayar da ita awa uku a kan dandamali da jaririyarta Pearl a hannu, aka ɗora mata jan harafin A a ƙirji. Ita da kanta ta yi masa ado da zaren zinariya, abin da ya ƙona ran matan garin da ke kallo. Ta ƙi faɗin uban yarinyar, wanda shi ne Arthur Dimmesdale, faston da aka sa ya lallashe ta ta fallasa kwarton. Mijin, da ya iso garin ya ɓoye kansa da sunan Roger Chillingworth, ya tare da faston a matsayin likitansa yana cin ransa a hankali.

An gina littafin a kan dandamalin nan sau uku: babi na 2 da rana, Hester da jaririyarta kaɗai, babi na 12 da tsakar dare, faston ya hau a ɓoye, babi na 23, ya amsa laifinsa gaban taro ya faɗi matacce. Ciki ya tona asirin matar, namijin kuwa ba shaidar da ta kama shi, kuma a hannun Hawthorne ɓoyayyen laifin ya fi bayyanannen ci. Bayan shekara bakwai Hester na ɗinki tana jinyar marasa lafiya, wasu mutanen gari suka koma fassara harafin da kalmar Able, wato alamar iyawa.

Marubucin ya jawo dokar 1694 baya da shekara hamsin, ya matsar da harafin zuwa ƙirji, ya kuma cire bulalar. Dalilin da labarin ya bayar na rashin kashe Hester shi ne ana kyautata zaton mijin ya halaka a teku. Masu nazari sun rabu kan ko ya zalunci Puritan ɗin ko ya sassauta musu.

Sauran ayyuka

A wasan kwaikwayon The Crucible na Arthur Miller, 1953, zina tsakanin John Proctor da Abigail Williams ce ta hura wutar zargin maita a Salem. Ƙirƙira ce: a 1692 Abigail ba ta wuce shekara 11 ko 12 ba, Proctor kuma yana wajen 60. Miller ya mai da ita 'yar 17.