Matsalar haɗa saba da rumbun bayanai na gajimare

Wannan matsala ita ce idan kod ɗin da ke aiki a kan saba (server, wato kwamfutar da manhaja ke gudana a kanta) ya nemi shiga rumbun bayanai da ke ajiye a hannun wani kamfani, irin su MongoDB Atlas ko Amazon RDS, amma ya kasa. Mafi yawan lokuta rumbun lafiyarsa ƙalau, a hanya ake samun cikas, kuma saƙon da ya fito a allo shi ke nuna inda aka tsaya.

In ka ga ECONNREFUSED to an isa injin amma ba wanda ke saurare a ƙofar (port), sai a duba lambarta, a cikin manhajojin rumbun bayanai PostgreSQL tana 5432, MySQL 3306, MongoDB kuma 27017. ENOTFOUND na nufin sunan ma ba a gano shi ba, wato matsalar DNS ce, tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshin inji, ko an yi kuskuren harafi. Wanda ya fi ba mutane wahala shi ne ETIMEDOUT, ka zauna kana jira shiru, a direban MongoDB, wato manhajar da ke haɗa kod da rumbun, sai an yi daƙiƙa 30 kafin ya haƙura, kuma galibi katangar tsaro ce ta tare don ba a sa adireshin IP na sabar, wato lambar da ake gane ta da ita a intanet, a jerin waɗanda aka yarda su shiga ba. Mai aiki da hotspot na waya ya fi kowa sanin wannan, jiya ya yi aiki yau ya ƙi saboda IP ɗin ya canza. Wasu sai su rubuta 0.0.0.0/0 su huta, wannan fa buɗe ƙofa ne ga duniya gaba ɗaya, kalmar sirri kaɗai ta rage tana gadi.

Ita ma kalmar sirrin tana da nata, in akwai @ a ciki dole a mayar da shi %40 a cikin adireshin haɗin, in ba haka ba direban zai raba adireshin a inda bai kamata ba.

Sai kuma wadda ba ta fitowa sai jama'a sun yi yawa. PostgreSQL a saitinta na asali haɗi 100 take ɗauka, MySQL 151, to in kod yana buɗe sabon haɗi duk lokacin da aka nemi shafi bai rufe ba, musamman a AWS Lambda, tsarin Amazon da ke gudanar da kod duk lokacin da aka kira shi, nan da nan gurbi ya cika. Shi ya sa ake buɗe haɗin sau ɗaya a yi ta amfani da shi, ko a sa PgBouncer, manhajar da ke raba haɗin PostgreSQL ga masu nema, a tsakani.