Siffar ɗigon hoto da faffaɗan allo a kamarar bidiyo

Siffar ɗigon hoto ita ce rabon da ke tsakanin faɗin ɗigo ɗaya da tsayinsa a hoton dijital. Ɗigon, wanda masu sana'a ke kira fiksel, a kwamfuta da waya faɗinsa daidai yake da tsayinsa. A kamarorin bidiyo na hannu da suka yi tashe daga 1995 kuwa ba haka yake ba. Wannan ne ya sa adadin ɗigon da aka rubuta a jikin fayil ba ya nuna ko hoton na faffaɗan allo ne, wato 16:9, ko na tsohon talabijin, wato 4:3.

Asalin lamarin yana cikin ƙa'idar BT.601 ta 1982, wadda ta tsara yadda za a mayar da siginar talabijin lambobi. An zaɓi gudun awo na megahaz 13.5, wato a auna siginar sau miliyan 13.5 a daƙiƙa, domin ya dace da tsarin Turai mai layi 625 da na Amurka mai layi 525, sai kowane layi ya samu ɗigo 720. Ba a yi lissafin don allon kwamfuta ba. Kaset ɗin MiniDV da faifan DVD duk sun gaji wannan: 720 sau 576 a tsarin PAL mai layi 625, 720 sau 480 a tsarin NTSC mai layi 525. Kamaru da Chadi suna ɓangaren layi 625 da hoto 25 a daƙiƙa, saboda haka kamarar PAL ce ta dace da Garwa, Marwa da Njamena, ko da yake ta NTSC kan shigo cikin kayan hannu daga Amurka ko Japan.

In an raba 720 da 576 za a samu 5:4, wanda bai zama 4:3 ba, bai kuma zama 16:9 ba. Ɗigon ne ake miƙewa lokacin nunawa. A hoton 4:3 faɗinsa kan ɗara tsayinsa kaɗan, har hoton ya cika 768 sau 576 a allon kwamfuta. A faffaɗan allo miƙewar ta fi yawa, hoton ya kai 1024 sau 576. Kamar bulo ne: guda 720 ne a jere a duka biyun, amma katangar da aka yi da faffaɗan bulo ta fi tsawo. Kamara na matse faffaɗan hoton cikin ɗigo 720 ɗin, ta saka wata 'yar alama a fayil mai gaya wa na'ura ta buɗe shi. Ana kiran wannan dabara anamofik.

Akwai lissafi biyu na rabon faɗin ɗigon da tsayinsa a nan, kuma sun daɗe suna rikita masu tace bidiyo. Mai sauƙin ya ɗauki dukkan 720, ya ba da 16:15 ga 4:3 da 64:45 ga 16:9. Wanda ya fi bin ƙa'ida ya ce ainihin hoton yana cikin ɗigo kusan 704 na tsakiya, sauran gefe ne, sai ya ba da 12:11 da 16:11. Bambancin bai kai kashi 3 cikin 100 ba, ido ba ya kama shi a bidiyon biki, sai dai a da'irar tambari ko ƙwallo.

Ba kowace kamara mai rubutun 16:9 a jikinta ce ke ɗaukar faffaɗan hoto na gaske ba. Wasu masu araha sukan yanke sama da ƙasa su sa baƙin layi, sai layi 432 kacal ya rage daga 576, rubu'in hoton ya tafi a banza. Wasu kuma su yanke, sannan su ja abin da ya rage ya cika 576, wanda ba ya dawo da kaifin da aka rasa. Gwajin mai sauƙi ne: a kafa kamara a gaban ƙofar zaure, a sauya daga 4:3 zuwa 16:9. In bangon dama da hagu ya ƙaru a hoto, faɗin na gaske ne. In kan ƙofar ne kawai ya ɓace, yanka aka yi.

Zuwan hoto mai kaifi bai kawar da miƙaƙƙen ɗigo nan take ba. Tsarin HDV na 2003 yana ɗaukar 1440 sau 1080, da ɗigo mai rabon 4:3, ya nuna shi a 1920 sau 1080. Tsarin AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fitar a 2006, shi ma yana da wannan girma, tare da cikakken 1920 sau 1080 mai daidaitaccen ɗigo.

A shagunan da ake juyar da tsofaffin kaset na aure da suna da hawan salla zuwa filasha, matsalar da aka fi gani ita ce ɓacewar alamar nan mai gaya wa na'ura ta buɗe hoton. Amarya ta fito siririya, fuska doguwa, dokin lamiɗo ya tsuke. In an yi akasin haka, aka buɗe hoton 4:3 ya cika faffaɗan talabijin, kowa ya zama gajere mai ƙiba. Fayilolin MOD na wasu kamarorin JVC, Panasonic da Canon sun yi suna da wannan, domin manhajoji da yawa ba sa gane cewa na 16:9 ne. Hoton bai lalace ba. A manhajar VLC ana zaɓar rabon da hannu, manhajar FFmpeg kuma na iya gyara alamar ba tare da sake matse bidiyon ba. Bidiyon 16:9 da za a tura ta WhatsApp ko Facebook gara a fitar da shi a 1024 sau 576 da daidaitaccen ɗigo, don kada ya dogara da alamar da wata waya za ta yi watsi da ita.